Kun Rage Ci, Yunwa Kuma Ta Ɗauke: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Akwai abin da ke samun wasu masu ƙoƙarin rage ƙiba wanda ba a cika maganarsa ba. Mutum ya shafe shekaru, duk sa'ad da ransa ya ɓaci sai ya nufi tukunya ko shagon bakin layi, ya ci har cikinsa ya yi ciwo. Wata rana a asibiti a ce masa jininsa ya hau, ko gwiwoyi su fara damunsa, sai ya ɗaura niyyar rage ci. Mako biyu ko uku da farawa, abinci ya fita daga ransa. Wanda a da yake tashi da malmala uku ta tuwo, yanzu rabin ɗaya ta ishe shi. Har a kira azahar bai tuna bai karya ba.

Idan haka ta same ku, ko a Kazaure kuke, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, wataƙila zuciyarku ta rabu biyu. Kuna murna domin abin da ya daɗe yana juya ku ya lafa, kuna kuma tsoro ko wani ciwo ne ya shigo. Galibi ba mugun ciwo ba ne. Amma kuma bai nuna kun warke ba, kuma ga wanda ya taɓa fama da zarin ci, wannan ne lokacin da ya fi buƙatar lura.

Mene ne zarin ci, kuma me ya raba shi da cin ranar Sallah?

Kowa yakan wuce ƙima wani lokaci. Ranar Babbar Sallah ko a gidan biki mutum ya ci har ya kasa miƙewa, a yi raha a wuce. Wannan ba cuta ba ce. Abin da likitoci ke kira larurar zarin ci yana da alamominsa. Mutum yakan cinye abinci mai yawa ƙwarai cikin ɗan lokaci, kamar awa 2, fiye da abin da yawancin mutane za su ci a irin wannan zama. Babbar alamar ita ce rasa iko da kai: yana so ya tsaya, hannu ya ƙi tsayawa. Yawanci da sauri ake cin, ba da yunwa ba, a ɓoye saboda kunya, sannan nadama da ƙyamar kai su biyo baya. Idan haka na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, kuma yana ƙuntata wa mai shi, ya shiga sahun larura. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka ta a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022.

Sai cin huce-takaici, wato neman sauƙin zuciya a wurin abinci: bayan faɗa da maigida, bayan an faɗi jarrabawa, a dogon wunin da ba abin yi ba abokin hira. Ba kowane mai cin huce-takaici ne yake da larurar zarin ci ba, amma sau da yawa tare suke tafiya.

A nan ma ana samun irin wannan?

Za ku iya cewa, a yankin da magidanci ke fafutukar kwanon dawa, wannan ai ciwon masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 14 ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka wallafa a 2013, ya gano cewa kusan mutum 2 cikin 100 sukan yi fama da larurar a rayuwarsu. Mata sun fi yawa, amma maza ma suna ciki sosai. Ba dole sai mai ƙiba ba. Har ma an lura cewa rashin tabbacin abinci, yau akwai gobe babu, yana cikin abubuwan da ke rura ta, domin jikin da ya saba da rashi yakan yi wawaso in ya samu.

Abin da ke ɓoye ta a wurinmu shi ne kunya. Ana kiran mutum acici ko mai haɗama, a yi masa dariya, shi kuwa ya ƙara ɓoyewa. Matar da ke wuni a cikin gida kusa da madafa, ɗalibar da ta baro iyayenta ta zo Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, direban da ke zirga-zirga a hanyar Kano zuwa Daura yana ci a kowace tasha, duk abin zai iya samunsu ba tare da na kusa da su sun sani ba.

Daga ina yunwa take fitowa?

Ciki da hanji da kitsen jiki suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta cikin jini. Masu kai saƙon wasu sinadarai ne da jiki ke yi da kansa, ana kiransu homon. Biyu sun fi shahara. Na farko girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Ciki ne ke fitar da shi, yakan ƙaru kafin lokacin da kuka saba cin abinci, ya sauka bayan kun ci. Shi ne ke tayar da yunwa. Na biyu lebtin, wanda aka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Kitse ne ke fitar da shi, yana shaida wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da jiki ke da ita. In kitse ya ragu, lebtin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta fara neman a mayar da abin da aka rasa. Hanji ma yana da nasa homon da ke cewa an ƙoshi, amma sukan ɗauki mintuna kafin saƙonsu ya isa, shi ya sa mai ci da sauri yake wuce ƙoshi bai sani ba.

Wannan ita ce yunwar ciki. Akwai kuma ta zuciya, wadda ba ruwanta da ko ciki a cike yake. Takan zo farat ɗaya, takan nemi wani abu takamaimai, galibi mai zaƙi ko mai maiƙo, kamar fanke, cincin, alkaki ko lemon kwalba, kuma ba ta jin an ƙoshi. Zarin ci ya fi zama a wannan ɓangaren.

To me ya sa tawa ta ɗauke?

Dalilan suna da yawa, kuma ba ɗaya suke ba wajen alheri.

Mafi daɗin ji shi ne abincinku ne ya canja. Lemon kwalba, burodi, shayi mai sukari da yawa da taliyar leda suna wucewa da sauri, su bar mutum da neman ƙari. Kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 35 tana iya ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. In kun maye gurbinsu da wake, awara, ƙwai, kwaɗon zogale da tuwon dawa ko gero, kun ƙara abubuwa biyu masu riƙe ciki: furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, da kuma dusar hatsi da zaren ganye waɗanda ba sa narkewa da wuri. Mai cin irin wannan abinci yakan daɗe bai ji yunwa ba, kuma wannan lafiya ce.

Ciki ma yana sabo. Shekarun cin mai yawa sukan koya masa ɗaukar kaya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Bayan makonni na rage ci, yakan fara jin cika da ɗan kaɗan. Girelin kuwa yana bin jadawalin da aka ɗora shi a kai. Duk mai azumi ya san haka: kwanakin farko na Ramadan yunwar rana tana da zafi, zuwa goman tsakiya ta yi sauƙi.

Akwai kuma abin da ya shafi masu tarihin zarin ci kai tsaye. Idan kun yi shekaru kuna ci tun kafin yunwa ta zo, kuna wuce ƙoshi ba ku tsaya ba, mai yiwuwa kun manta yadda ainihin yunwar ciki take. Abin da kuke kira yunwa a da, rabinsa damuwa ce. Yanzu da sabuwar niyya ta cika muku zuciya, kuna ganin nauyi yana sauka, mutane suna yabawa, wannan damuwar ta ɗan ja da baya, sai kuka ji kamar yunwa ce ta tafi gaba ɗaya. Ta cikin tana nan, siginarta ce ba ku saba karantawa ba. Takan zo a matsayin ciwon kai, saurin fushi, kasala ko rashin tattara hankali.

Sauran dalilan suna buƙatar hattara. Idan kun yanke tuwo, shinkafa da duk wani hatsi kusan gaba ɗaya, jiki yakan koma ƙona kitse, hanta ta fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton. Kiton yana danne yunwa, yakan kuma zo da warin baki da ciwon kai. Idan abincin ya yi ƙaranci ƙwarai, ciki da hanji sukan rage saurin aiki, abinci ya daɗe bai wuce ba, mutum ya ji kumburi da taurin bayan gida, ya ɗauka ƙoshi ne. Tashin hankali mai tsanani, kamar rasuwa ko mutuwar aure, yakan kashe sha'awar abinci, ko da a wurin wanda ƙananan damuwoyi ke sa shi ci. Ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke zaunewa makonni ya hana mutum jin daɗin komai, yana iya ƙara ci yana iya ɗauke shi, kuma mutum ɗaya zai iya ganin duka biyun a lokuta daban-daban. Zafin bazara, goro, shayi mai kauri da taba duk suna rage ci.

Wannan yana nufin na warke ke nan?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Tunanin yakan zo haka: tunda ba na jin yunwa, bari in ci moriyar abin, in bar karin kumallo, in bar na rana, nauyin ya sauka da sauri. Jiki kuwa kamar mai shagon unguwa yake, ba kullum zai tare ku da maganar bashi ba, amma yana rubutawa.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya waɗanda suka ba da kansu. Tsawon wata 6 aka riƙa ba su kusan rabin abincin da suka saba, har suka rasa kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu. Abinci ya mamaye tunaninsu, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sake musu mara, wasunsu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, su cika ciki har ya yi ciwo amma ba su ji sun ƙoshi ba. Waɗannan mutane ne da ba su taɓa fama da zarin ci ba. Takurawar ce ta haifar musu da shi. Ina ga wanda dama ya san hanyar?

A 2011 masana a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka wallafa wani binciken. Sun ɗora mutum 50 masu ƙiba a kan abinci kaɗan ƙwarai na mako 10, suka rage kimanin kilo 13 da rabi a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu: girelin yana sama da yadda yake kafin su fara, kuma suna jin yunwa fiye da da. Masanan sun kuma nuna a 2013 cewa muddin kiton yana cikin jini girelin ba ya tashi, amma da aka dawo da abinci na yau da kullum, sai ya tashi.

Ma'anar wannan a gare ku ita ce, shirun da kuke ji yanzu mai yiwuwa na ɗan lokaci ne. Yunwa za ta dawo, wataƙila da ƙarfi. In ta dawo ta tarar da jiki a rame, a ranar da rai ya ɓaci, to an haɗa abubuwa biyun da ke kunna zarin ci. Daga nan sai nadama, sai alƙawarin gobe ba zan ci komai ba, sai a sake komawa gidan jiya. Ina so ku riƙe wannan da kyau: in hakan ta faru, ba raunin hali ba ne kuma ba ƙarancin imani ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake amsa takura.

Yaushe ne abin ya zama na asibiti?

Ku fara da tambayar kanku gaskiya: ba na jin yunwa ne, ko tsoron ci nake yi? Idan an ajiye muku abinci kuna iya ci ba tare da fargaba ba, wannan daban. Idan kuwa gabanku yana faɗuwa, kuna ƙirƙirar uzuri don kada ku zauna cin abinci da iyali, kuna jin kun yi nasara duk ranar da kuka wuni ba ku ci ba, kuna sa yatsa a maƙogwaro ku amayar, ko kuna shan maganin gudawa bayan kun ci, to larurar ce take sauya kama, daga zarin ci zuwa ƙin ci. Wannan yana da hatsari ga zuciya da ƙoda ko da jikinku har yanzu babba ne. Mai ƙiba ma yana iya kasancewa cikin yunwar da ke kisa, kuma shi ne aka fi saurin yi wa tafi maimakon a kai shi asibiti.

Ku je asibiti idan nauyinku yana sauka fiye da kilo 1 a mako, mako bayan mako, ko kuna jiri, suma, bugun zuciya ba daidai ba, zubewar gashi, jin sanyi alhali kowa yana gumi, ko al'ada ta ɗauke ba ciki ba.

Kada kuma rage cin da kuke yi ya rufe muku ido daga wata cutar da ta shigo a daidai lokacin. Tarin da ya wuce mako 2 tare da zufar dare da rama yana iya zama tarin fuka. Ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari tare da rama alamar ciwon suga ce. Idanu su yi ɗorawa, a duba hanta. Baƙin bayan gida, aman jini ko wahalar haɗiya ba a jira da su. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta hannun dama yana iya zama tsakuwar matsarmama, wadda saurin rama ke jawowa. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, gyambon ciki, ciwon ƙoda da cutar ƙanjamau duk suna ɗauke ci. Ga matar aure, a fara da gwajin ciki, domin laulayi ma haka yake farawa, kuma mai ciki ba ta rage ci don rage ƙiba. Mai shayarwa ma jikinta ƙarin abinci yake nema.

Abu biyu na gaggawa. Idan kuna shan maganin suga irin su gilbenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil, ko kuna allurar insulin, tsallake abinci yana iya sa suga ya faɗi ƙasa har a suma. Sannan idan kun kai kwana 5 ko fiye kusan ba ku ci komai ba, kada ku dawo da cin mai yawa lokaci ɗaya, domin hakan yana iya rikita gishirin jini ya taɓa zuciya. A dawo a hankali, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya fara zuwar masa, ya gaya wa wani na kusa yau, a kai shi asibiti yau.

Ko wani abin da nake sha ne?

Tambaya ce mai kyau, kuma likita zai yi muku ita, don haka ku faɗi gaskiya. Metfomin, maganin suga da aka fi bayarwa, yana rage ci. Wasu magungunan ciwon damuwa ma haka. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp da TikTok kuwa, da yawansa maganin gudawa ne dangin filasko, ruwa yake fitarwa ba kitse ba. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe da dama an cusa musu sibutiramin, maganin kashe yunwa da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC, ku bar shi.

Akwai allurar mako-mako mai suna semagulutaid, da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. Tana kwaikwayon homon ƙoshi na hanji, kuma lallai tana kashe yunwa. Amma tana da tsada sosai, sai da likita, kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina ta sun mayar da kusan kashi 2 cikin 3 na nauyin da suka rage cikin shekara guda. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta.

Sai wani abu da ya shafi wurinmu musamman. Wasu mata sun yi ƙiba ne ta hanyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi haɗin maganin buɗe ciki ne da dezametason. Daina su yana ɗauke ci. Amma wadda ta daɗe tana shan dezametason kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki yakan daina yin nasa homon makamancinsa, yankewar farat ɗaya tana iya jawo amai, kasala mai tsanani da faɗuwar jini. Likita ne zai rage mata shi sannu a hankali.

Yaya zan ci alhali ba na jin yunwa?

Ku bi agogo, kada ku jira ciki ya yi kira. Wannan shi ne tubalin farko na hanyar magani da Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya shahara da ita: manyan abinci 3 da ƙanana 2 ko 3 a rana, kada tazara ta wuce awa 4 in ba barci ake ba. Mu kuwa muna da jadawali a shirye. Karin kumallo da safe, ɗan abin taɓawa da walaha, abincin rana bayan azahar, ɗan wani abu bayan la'asar, na dare bayan magariba ko isha.

Ba sai mai yawa ba. Koko da ƙosai uku ko huɗu karin kumallo ne. Ƙwai ɗaya, ko tafin hannu na gyaɗa, ko yankan kankana, ko ƙuli-ƙuli biyu, sun isa abin taɓawa. In tauna tana yi muku wuya, fura da nono ba sukari ko kunun gyaɗa sun fi sauƙin wucewa. A babban abinci, ku bar wa ganye da miya wuri mai faɗi, zogale, rama, alayyafo, kuka ko kuɓewa, tuwon ya zama daidai dunƙulen hannunku ko ya ɗan fi, sannan a samu wake, awara, kifi ko nama a gefe. In a tire ɗaya ake ci a gidanku, ɗiban naku a kwano daban zai nuna muku abin da kuka ci, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ku ci a zaune, a hankali, tare da mutane in da hali.

Kada ku haramta wa kanku wani abinci har abada. Wanda ya rantse ba zai ƙara taɓa fanke ba, ranar da ya ci ɗaya sai ya ce tunda na riga na karya bari in ƙarasa, ya ci goma. Gara a ci biyu da rana a gaban jama'a, cikin tsari.

Game da sikeli, sau ɗaya a mako ya isa. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, yana taimaka wa hawan jini da suga a fili. A ganina ma, wanda zarin cinsa bai daɗe da lafawa ba, gara ya fara daidaita lokutan cinsa na wasu makonni kafin ya sa rage nauyi a gaba.

Azumi fa?

Azumin Ramadan ibada ce, kuma shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya. Mai ciwon suga ko wanda larurar cin abincinsa ta yi tsanani ya tuntuɓi likita da malami kafin watan ya kama. Ga mai yi, kada a bar sahur da sunan ba a jin yunwa. A buɗe baki da dabino da ruwa ko kunu, a yi sallah, sannan a dawo ga abinci, domin wannan tazarar tana ba saƙon ƙoshi damar isa. Azumin nafila na Litinin da Alhamis kuwa, ku duba niyyarku. In kun lura kuna ɗaukarsa ne washegarin duk ranar da kuka yi zarin ci don ku hukunta kanku, ku gaya wa mai duba ku.

Ita damuwar da ta kawo cin fa?

Abinci yana yi muku wani aiki a da, yana kwantar da zuciya ko da na rabin awa ne. Kun janye shi, amma abin da yake rufewa yana nan: kaɗaici, zaman kishi, bashi, rashin aiki, ko wani ciwon da aka yi muku tun ƙuruciya. Ku samu ƙaramin littafi ku riƙa rubuta lokacin da kuka ci, abin da kuka ci, da abin da ya faru kafin nan. Cikin mako 2 za ku fara ganin sa'o'i da mutanen da ke tayar muku da abin. Sha'awar zarin ci takan taso ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta in ba a biye mata ba, don haka ku tanadi abin da za ku yi a wannan tsakanin: alwala da nafila, fita zagaye, kiran 'yar'uwa, shiga maƙwabta.

Maganin da ya fi inganci shi ne na tattaunawa da ƙwararre, inda ake koyon gane tunanin da ke tura mutum ga ci da yadda za a sauya shi. 'Yan gida ma suna da rawa. Maimakon "Kai, Yaya, kin rame kin yi kyau, ki ci gaba," ya fi amfani a ce "Yaya, zo mu ci tare." Tsokanar mai ƙiba a gaban jama'a kuwa ba ta taɓa rage wa kowa ko kilo ɗaya ba, ɓoyewa take ƙarawa.

Ina zan je, kuma me zai ci mini?

Ku fara da cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓarku. A can za a auna nauyi da jini, a wurare da yawa har da suga, kuma waɗannan ba su da tsada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. In ana buƙatar gwajin hanta, ƙoda ko hoton ciki, akwai babban asibiti a Kazaure da kuma Babura. Kazaure tana da asibitin ƙwaƙwalwa na jiha, wanda mutanen Roni da Gwiwa ba su da nisa da shi. Na san abin da zai zo muku a rai, cewa ku ba mahaukata ba ne. Likitocin irin wannan asibiti suna duba rashin barci, fargaba da ciwon damuwa, kuma larurar cin abinci tana cikin aikinsu. Wanda ya fi son zuwa inda ba a san shi ba, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Idan kuna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na Jigawa, wato JICHMA, ku tambayi abin da katinku ya ɗauke muku kafin ku biya.

Abincin da aka ambata a sama bai buƙatar sayen komai daga waje, wake da gyaɗa da gero da zogale duk a gonakinmu suke. Kuɗin da ke tafiya a lemon kwalba da shayin rage tumbi ya isa ya sayi ƙwai da nono.

Ranar zuwa asibiti ku tafi da littafin da kuke rubutu, da kwalin duk wani magani, shayi ko haɗin gargajiya da kuke sha, da nauyinku na farko in kun san shi. Kada ku tsaya a "ba na jin cin abinci" kawai, domin za a iya rubuta muku maganin buɗe ciki a sallame ku, wanda zai iya mayar da ku inda kuka fito. Ku faɗi labarin duka: shekara nawa kuka yi kuna zarin ci, yaushe kuka fara ragewa, me kuke ci a rana yanzu, da kilo nawa kuka sauke.